Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Naman da Aka Ciro

Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya na tsaya a inda aka fito da ni daga ɗakin tiyata, bayan an yanke ɓangaren dama na babban hanjina tare da ƙarin da ya daɗe yana shanye mini jini a ɓoye. A wurin yawancin mutanenmu, da an yi aiki an ɗinke, marar lafiya ya farfaɗo ya sha kunu, to labari ya ƙare, sai barka da arziki. Dangina ma haka suka ɗauka. Ni kuwa a makonnin da suka biyo baya ne na shiga tashin hankalin da ya fi na tiyatar kanta, domin akwai tambayar da wuƙar likita ba ta amsawa: zai dawo ko ba zai dawo ba?

Abin da zan fara faɗa ban gan shi da idona ba, ina kwance cikin mayen allurar barci lokacin da ya faru. 'Yar farina ce ta ba ni labari daga baya. Wata nas ta fito ta miƙa wa Yaya, wato wana, roba mai murfi, a ciki hanjin da aka yanke ne cikin ruwan fomalin mai hana nama ruɓewa, da takarda a haɗe. A asibitin da aka yi mini aiki dangi ne ke ɗauka su kai sashen binciken nama su biya kuɗi. Yaya ya leƙa, ya rufe, ya ce wa maigidana Malam, "Wannan ai sashen jikin mutum ne. A nemo farin ƙyalle a je a binne." Ba na ganin laifinsa. Shi ne ya saka Inna da Baba a kabari da hannunsa, kuma abin da ya tashi ya tarar ke nan, ba a wulaƙanta abin da ya fita daga jikin ɗan Adam.

Yarinyar nan, wadda a gida ko ido ba ta haɗawa da shi, ta durƙusa a barandar asibiti ta ce, "Kawu, don girman Allah ka ba ni. In aka binne wannan, an binne duk abin da za a sani game da ciwon Umma." Karatun gwaje-gwajen asibiti ta yi, ta san abin da take faɗa. Suna cikin haka likitan tiyata ya fito, ya ji, ya ce, "Alhaji, abin da idona ya gani na cire. Abin da idona bai gani ba, naman nan ne kaɗai zai faɗa mana." Yaya ya yi shiru, ya miƙa mata robar.

A ɗakin da aka kwantar da ni akwai wata baiwar Allah daga ƙauye, an yi mata aiki irin nawa a wani wuri, danginta suka tafi da naman gida suka binne. Da ciki ya sake kumbura aka kawo ta nan, likitoci ba su da takarda ko ɗaya da ke nuna wane irin ƙari aka cire mata, ko iya inda ya kai. Ina jin su suna tambayar mijinta, yana cewa shi dai an ce masa an cire. Har yau in na tuna fuskar matar nan sai zuciyata ta karye. Don Allah duk wanda aka yi wa nasa aiki, ya tabbata naman ya isa ɗakin bincike, ya karɓi takardar sakamako ya adana ta.

Sakamakona ya ɗauki makonni kafin ya fito. Likitan ciwon daji, wata mata mai sanyin magana, ita ta zauna ta warware mana shi ni da Malam da yarinyar. Ta ce sankarar hanji hawa huɗu ce. Tawa tana hawa na 2: ƙarin ya ratsa naman bangon hanji, amma bai huda ya fita ya kama wata gaɓa ba. Kaluluwar da ke kewaye da hanjin, waɗanda aka ciro tare da shi, an duba su ɗaya bayan ɗaya, sun haura 12 da ake buƙata kafin a amince da sakamako, kuma babu wadda ciwon ya shiga. Gefe biyun da aka yanke ma tsaf suke. Malam ya ɗaga hannu ya ce alhamdulillahi. Ni na ce, "Likita, ke nan na warke?"

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta jawo takarda ta rubuta 100. Ta ce a ɗauki mutum 100 masu irin hawana, kusan 80 aikin kaɗai ya ishe su, ciwon ba ya dawowa ko ba su sha komai ba. Sauran kuwa akwai 'yan ƙwayoyin da suka riga suka sulale ta jini tun kafin a yi aiki, ƙanana ƙwarai, babu sikanin da ke ganin su. Su ne ke zuwa su zauna a hanta ko huhu, yawanci cikin shekara 3 na farko su bayyana. Kemo, wato maganin sankara da ake sha ko ake ƙarawa ta jini, ana ba da shi ne don a kashe waɗannan. Amma wani babban bincike da aka jagoranta daga Ingila, mai suna QUASAR, wanda aka wallafa a 2007 da mutum sama da 3,000, ya nuna cewa a irin wannan hawa, in an ba mutum 100 kemo, ran da ake ƙara cetowa bai wuce na mutum 3 ko 4 ba. Sauran ko dai dama sun warke, sun sha wahalar banza, ko kuma sun sha ciwon ya dawo duk da haka.

Na ce, "To ni ina cikin su wa?" Ta ce, "Malama, wannan ita ce tambayar da duk duniya ake nema wa amsa."

Kemo ba abin da ake shiga da ka ba ne. Ta faɗa mini ba ɓoye-ɓoye. Akwai ƙwayar capecitabine, ana sha wata 6, tana sa gudawa da gyambon baki, tafin hannu da na ƙafa su yi ja su tsattsage. Akwai oxaliplatin na ƙarin ruwa, wanda ake haɗawa ga waɗanda haɗarinsu ya fi yawa, yana kashe jijiyoyin yatsu, mutum ya kasa taɓa ruwan sanyi, wasu kuma yatsun ba sa komawa daidai har abada. Na duba hannuna. Shekara ashirin da ɗoriya ina riƙe alli da jan biro da shi. Ga kuɗi, ga jikin da bai gama murmurewa ba. A ɗaya gefen kuma, in na ƙi sha ciwon ya dawo a hanta, da wane ido zan kalli 'ya'yana? Ta ƙara da cewa in za a fara, ana so a fara kafin a cika mako 8 da yin aiki, bayan haka amfaninsa yana raguwa. Muka koma gida da wannan wa'adi a kanmu.

Barci ya ƙaurace mini. Duk ɗan motsin da na ji a ciki sai in ce shi ne. 'Yan dubiya suna shigowa da lemo da ayaba suna cewa kin tsallake, kin tsallake, ina amsawa da murmushi, zuciyata tana wani wuri.

Yarinyar ce ta duƙufa kan wayarta dare da rana. Wata safiya ta shigo ɗakina da littafin rubutu ta ce, "Umma, akwai gwaje-gwajen da ake yi a kan ƙwayoyin gadon ƙarin, su nuna ko mai saurin dawowa ne." Ta zauna bakin gado tana karanta mini.

Na farko sunansa Oncotype DX, na hanji. Wani kamfani a California ta Amurka ya fito da shi a 2010. Ana aika ɗan yankin ƙarin can, su auna aikin ƙwayoyin gado 12, su ba da maki tsakanin 0 da 100. Maki kaɗan, haɗari kaɗan. Sai dai ta ce ita abin da ya dame ta da shi, yana faɗar girman haɗarin ne kawai, ba ya nuna wanda kemo zai amfana da wanda ba zai amfana ba. Kuma a kan marasa lafiyan Ingila da Amurka aka fi gwada ingancinsa, mafi yawansu fararen fata.

Na biyu shi ya fi ɗaukar hankalina, gwajin jini ne. Ƙwayoyin sankara in suna mutuwa sukan zubar da ɓurɓushin DNA ɗinsu, wato sinadarin gadonsu, cikin jini. Ana fara karanta kurakuran da ke cikin ƙarin da aka ciro, sannan a ɗebi jinin mutum bayan aiki a nemi waɗannan kurakuran a ciki. In an same su, alama ce mai ƙarfi cewa akwai saura a jiki. Ta karanta mini binciken DYNAMIC da aka yi a Ostireliya ƙarƙashin wata likita mai suna Jeanne Tie ta birnin Melbourne, aka wallafa a 2022. Mutum 455 ne, duk masu hawa na 2 irina. Aka raba su biyu. Wasu likita ya yanke musu shawara yadda aka saba, kashi 28 cikin 100 suka sha kemo. Wasu aka ɗebi jininsu a mako na 4 da na 7 bayan aiki, wanda aka ga ɓurɓushin a jininsa shi kaɗai aka ba, kashi 15 kacal suka sha. Bayan shekara 2, waɗanda ciwon bai dawo musu ba kashi 93.5 ne a ɓangaren gwajin jini, 92.4 a ɗaya ɓangaren. An rage masu shan wahala kusan rabi, ba a yi asarar kowa ba.

Na ce mata wannan nake so. A ɗebi jinina a faɗa mini. Ta ce, "Umma, tsaya ki ji sauran." Ko a cikin waɗanda jininsu ya fita fes, kusan mutum 7 cikin 100 ciwon ya dawo musu cikin shekara 3. Kuma gwajin ba a yin sa a nan, waje za a aika, da dala za a biya. Wannan kuwa ana tsakiyar 2023 ne, an janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayu, an saki naira a Yuni, dala ta yi tsalle, ko kuɗin motar zuwa asibiti ya ninka. Da muka tambaya aka faɗa mana farashi, Malam bai ce komai ba. Da dare ya ce mini zai sa filinsa a kasuwa, filin da yake ta tanadin ya gina wa yara.

Labari ya kai kunnen Yaya. Ya zo bayan la'asar, ya zauna kan tabarma, ya ƙi shan ruwan da aka kawo masa. Ya ce, "Ke yanzu da iliminki da komai, za ki biya Nasara kuɗi ya faɗa miki abin da zai faru gobe? Me ya raba wannan da zuwa wurin ɗan duba? Allah Ya ba ki lafiya, ki gode masa, ki bar tone-tone." Maganar ta soke ni, domin ni ma a raina na yi wannan tambayar. Tun ina yarinya aka koya mini cewa gaibu na Allah ne shi kaɗai.

Malam ne ya amsa, a hankali, don yana ganin girman Yaya. Ya ce, "Yaya, in ka fito da yamma ka ga hadari ya haɗo gabas, ka ce wa yara su kwashe hatsin da aka shanya, ka yi da'awar sanin gaibu? Ruwan zai iya sauka, iska za ta iya watsa shi, wannan hukuncin Allah ne. Amma hadarin ka gan shi. Likitocin nan ba gobe suke dubawa ba, abin da ke cikin naman yau suke dubawa, wanda idonmu bai kai ba." Yaya bai ce ya yarda ba, amma ya ɗauki ruwan ya sha. Ni kuwa daga ranar nan wannan wasiwasin ya bar ni.

Muka koma wurin likita da littafin yarinyar. Ta saurara har ƙarshe, ta yaba mata, sannan ta ce wa Malam kada ya sayar da komai tukuna. Ta ce kafin ka biya kuɗin gwaji, ka tambayi kanka ko amsar da zai bayar za ta sauya abin da za ka yi. Akwai gwaji na uku da ya kamata a fara da shi, ya fi waɗancan araha nesa ba kusa ba, kuma a ƙasashen da suka ci gaba duk wanda aka cire wa sankarar hanji ana yi masa. Ana kiransa MMR. A kowace ƙwayar halitta akwai furotin huɗu, MLH1 da PMS2 da MSH2 da MSH6, aikinsu gyara kuskuren da ake samu lokacin da ƙwayar take kwafar DNA ɗinta don ta rabu biyu. Ana yanka ƙarin siriri, a zuba masa wani rini, a duba da madubin likita a ga ko huɗun nan suna nan. A kusan kashi 15 cikin 100 na masu sankarar hanji, ana tarar da wani ya ɓace. Ta ce abubuwa biyu suka sa take zargin haka a kaina: ƙarin a dama yake, kuma ban kai hamsin ba. Ta ƙara da cewa likitocin Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, su Farfesa Olusegun Alatise, tare da asibitin Memorial Sloan Kettering na New York, sun wallafa bincike a 2021 da ya nuna fiye da ɗaya cikin huɗu na ƙarin 'yan Nijeriya da suka auna irin wannan ne, kusan ninki biyu na abin da ake samu a Amurka.

A lokacin asibitinmu ba su da rinin. Sai aka ba mu naman, wanda yanzu ya koma 'yan ƙananan dunƙulen kaki da lamba a jiki, aka naɗe a ambulan, muka aika wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a Legas. Ina kallon yarinyar tana manne ambulan ɗin da salatif, na tuna cewa saura ƙiris da yanzu yana ƙarƙashin ƙasa.

Jiran nan ya yi mini tsawo, ga wa'adin mako 8 yana matsowa. Ranar da sakamakon ya iso, likita ta karanta ta sake karantawa, ta ɗago ta ce, "Malama, ba za ki sha kemo ba." Furotin biyu, MSH2 da MSH6, babu su a ƙarina. Ta yi bayani cewa ƙarin da ya rasa masu gyara yana tara kurakurai masu yawan gaske, har kamanninsa ya sauya sosai, sojojin jiki su gane shi baƙo ne su far masa. Shi ya sa a hawa na 2 irin wannan bai cika dawowa ba, haɗarinsa ya yi ƙasa da na sauran. Kuma tun 2003 bincike ya fara nuna cewa maganin dangin fluorouracil, wanda capecitabine ke cikinsu, in an ba da shi shi kaɗai ba ya ƙara wa irin waɗannan marasa lafiya komai. Da an ba ni, da na yi wata 6 ina wahala a kan abin da ba zai amfane ni ba. Oncotype kuwa ba a ma yi shi don irin ƙarina ba. Gwajin jinin nan mai tsada, ta ce in muna da hali ba laifi, amma ita da wuya ya sauya mata shawara, gara kuɗin ya tafi ga bibiya: gwajin jini na CEA, mai nuna alamar dawowar ciwon, duk wata 3 zuwa 6, sikanin ciki da ƙirji, da leƙa hanji da kyamara in an cika shekara.

Na yi kuka a ofishin nan, kukan da ban yi ba tun ranar da aka ce mini sankara ce. Ba a ba ni tabbaci ba, kuma ba ta ɓoye mini hakan ba, ta ce haɗari kaɗan ba ya nufin babu haɗari. Amma an ba ni dalili. Da can, ko na sha ko na ƙi, da tsoro zan zaɓa. Yanzu na san abin da ya sa ban sha ba, kuma wannan sani shi ya dawo mini da barcina. Abin da ke ci mini rai har yau shi ne yadda gwaji mai sauƙi haka, wanda ke raba mutum da wahalar rabin shekara, sai wanda Allah Ya haɗa da likita mai kula da 'ya mai naci yake jin labarinsa. Mutum nawa aka ɗura wa magani a asibitocinmu ba tare da an duba wannan ba? Ga kuma waɗanda suka sayar da gona don maganin da ba nasu ba.

Malam ya miƙe zai yi godiya mu tafi, likita ta ce mu ɗan zauna, akwai saura.

Ta juya takardar ta zana da'ira, ta ce wannan ni ce. Ta tambayi iyayena. Na ce Baba tsufa ne. Inna kuwa ta rasu tana da kusan hamsin, jini ne ya ɓalle mata bayan ta daina al'ada, aka yi ta rubutu da turare ana cewa sammu ne, ta rame ta ƙare. Ta tambayi 'yan uwan Inna. Na tuna ƙaninta, wanda cikinsa ya kumbura ya daina bayan gida, ya rasu bai daɗe da yin aure na biyu ba. Na tuna wata goggonsu da ake ba da labari, ita ma ciwon ciki. Likita tana ta ɗiga baƙi a kan da'irori da murabba'ai, duk a gefe guda na takardar, gefen Inna. Kafin ta yi magana na riga na gani.

Ta ce in MLH1 ne ya ɓace, sau da yawa a ƙarin kaɗai abin yake, ba gado ba ne. Amma ɓacewar MSH2 da MSH6, ga kuma wannan tarihi, yana nuni ƙwarai ga abin da ake kira ciwon Lynch, sunan likitan Amurka Henry Lynch da ya bayyana shi a 1966. Mutum yana gadon ƙwayar gyara guda mai lahani daga uwa ko uba. Kusan 3 cikin 100 na sankarar hanji daga nan suke. Ga mace kuma, bayan hanji, mahaifa ce ta fi shiga haɗari, sai ƙwan mahaifa. Sai an gwada jinina kafin a tabbatar. In ya tabbata, kowane ɗa na cikina da kowane ɗan uwana da muka haɗa uwa, rabi da rabi ne, ko ya gada ko bai gada ba. Wanda ya gada ana fara leƙa hanjinsa tun yana shekara 25, wasu ƙasashen ma tun 20, duk shekara ɗaya ko biyu, a cire tsiron tun bai zama sankara ba. Ni ma sai mun zauna da likitan mata kan maganar mahaifata.

Na juya na kalli yarinyar. Ita ta ƙwato naman daga hannun kawunta, ita ta nemo gwajin, ga shi amsar ta dawo kanta. Shekararta 25 cif, an sa ranar aurenta bayan damina. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Likita, a ina ake gwajin jinin?"

A mota ta ba ni labarin da ta taɓa karantawa. A 1895, a jihar Michigan, wata tela ta ce wa wani likita mai suna Aldred Warthin ita ta san sankara ce za ta kashe ta, domin haka danginta suke mutuwa, ko ta hanji ko ta ciki ko ta mahaifa. Ya bi zuriyarsu ya rubuta, ya wallafa a 1913. Ita kuwa sankarar mahaifa ta ɗauke ta kamar yadda ta faɗa. Bayan kusan shekara ɗari aka gano lahanin da ke jinin gidansu, a MSH2 yake, irin wanda ake zargi a namu. Ta ce, "Umma, ita ta sani amma babu abin da za a yi mata. Mu akwai." Inna ce ta faɗo mini a rai, yadda aka yi ta zargin kishiyarta shekara da shekaru, har 'yan uba suka daina gaisawa.

Da dare Malam ya ce yana roƙona alfarma. A bar maganar nan a tsakaninmu har a ɗaura aure. Ya ce na san mutane, da an ji kalmar gado za a ce gidan masu ciwo ne, surukai su janye, ƙannenta ma abin ya bi su. Ban ga rashin hankali a maganarsa ba, na ga auren da ya mutu a kan ƙasa da wannan. Na ce masa maganar surukai ta yarinyar ce, ita za ta zaɓi lokacin da za ta faɗa wa wanda za ta aura, kuma na san ba za ta shiga gidansa da ɓoyo ba. Amma 'yan uwana ba zan iya jira da su ba. Mu biyar Inna ta bari. In akwai mai ɗauke da tsiro a hanjinsa yanzu, kowane wata da na yi shiru ina da hannu a ciki. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Allah Ya sa haka ne mafi alheri. Ki fara da Yaya."

Washegari na sa aka kai ni gidansa. Na same shi a zaure, na zauna daga gefe na faɗa masa komai, tun daga furotin huɗu har zanen likita, har Inna da Kawu. Na shirya wa faɗa, na zaci zai ce ga irin tone-tonen da ya hana ni. Sai na ga yana ta jan carbi bai ɗago ba. Can ya ce wa yaran da ke wasa a bakin ƙofa su shiga ciki. Ya rage murya ya ce, "Wannan leƙen hanjin da kike faɗa, da zafi?" Na ce ana ba da allurar barci. Ya ce, "Na fi shekara ina ganin jini in na zaga. Maganin basir nake ta sha, ko matana ban faɗa wa ba."

Yadda muka kai Yaya asibiti, da abin da kyamara ta gani, da sakamakon jinina, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.